Kaboyin Amurka da Baraden Kabi

Makon jiya na je gida Gulma, ina kakkaɓe akwatin marigayi kawuna, tsohon malamin makaranta, sai na ci karo da littattafan kaboyi guda shida, na Zane Grey da na Louis L'Amour, gara ta ci gefensu. Da su muka koyi Turanci. Tun muna yara mun san Texas da Kansas, mun san yadda ake kora garke zuwa tashar jirgin ƙasa, alhali ba mu san abin da ya auku a fadamar da muke kamun kifi ba.

Sai da na girma na gane gajartar zamanin nan. Korar shanu daga Texas ta kankama ne bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, kafin 1890 kuwa layin dogo da waya mai ƙaya sun kashe sana'ar. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Kaboyin ma makiyayi ne ɗan ƙwadago, da dama cikinsu baƙaƙen fata ne ko mutanen Meziko. Alƙalami ne ya mai da shi jarumi, musamman tun fitowar The Virginian na Owen Wister a 1902, sannan silima ta yaɗa shi duniya.

To, mu dubi namu. A 1805 rundunar jihadi ta ci Birnin Kebbi. Kabawa suka ja daga, suka kafa a Argungu. Aka kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya yi zaman shekaru a Sakkwato, ya dawo ya ɗaga tuta a 1849. Aka yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, aka sake komawa fagen fama har zuwa zamanin Sama'ila. Kusan shekara ɗari kwarin Rima yana bakin daga: manomi na noma da kwari a kafaɗa, makiyayi ba ya nisa da ganuwa, garuruwa na tashi, wasu na zama kufai. Ba a wanke wannan gaba sarai ba sai 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta haifi bikin kamun kifi na yau.

Ba a rasa rubutu ba. Akwai Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, da littafin Murray Last na 1967. Amma waɗannan na manazarta ne. Ina littafin Hausa da ɗan aji biyu na sakandare zai karanta ya mance da abincin rana?

Sai dai kada mu kwaikwayi kaboyi har da aibinsa. Yawancin littattafan nan bakin wanda ya ci ƙasa kawai suka ji. Mutanen asali da aka kora sun zama dodanni a bayan dutse. Littafin Dee Brown na 1970 na cikin waɗanda suka sa talakan Amurka ya saurari ɗaya ɓangaren. Mu a nan jikokin Kabawa da na mutanen Gwandu gida ɗaya muke, auratayya ta haɗa mu. Wanda ya rubuta labarin da kunne ɗaya, tsohon miki zai fama.

Shawarata ga ɗalibanmu na Birnin Kebbi da Aliero: a wannan hutu kowa ya ɗauki wayarsa, ya durƙusa gaban tsohon unguwarsu, ya naɗi abin da ya ji daga kakansa, sannan ya leƙa Gidan Tarihi na Kanta ya ga makaman da idonsa. Tsofaffin nan ba za su jira mu ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.