SHARHI: Buhun tallafi da kwanon awon talaka, duk daga Dawanau suke fitowa

Duk lokacin da aka jibge buhuna a gaban 'yan jarida domin rabon tallafi, hankalin jama'a kan karkata ga wanda ya samu da wanda aka hana. Ba kasafai ake tambayar inda hatsin ya fito ba, alhali amsar tana shafar farashin kwanon geron da magidanci ke aunawa.

A Turai da Amurka, rumbunan tallafin abinci sun ginu ne a kan rarar kaya. Na farkonsu, St. Mary's, wanda John van Hengel ya kafa a birnin Phoenix a 1967, da tattara abin da kantuna ke shirin zubarwa ya fara. A 2016 kuma Faransa ta yi dokar da ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai shiga ba, ta wajabta musu miƙa shi ga ƙungiyoyin agaji.

Arewacin Najeriya ba shi da irin wannan rara. A ƙasar da dusa da tsaki ma kuɗi ne, mai son rabawa sai ya saya. A Kano kuwa babbar mahadar masu saye ita ce Kasuwar Dawanau da ke Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, a kan hanyar Katsina. Hukumar Samar da Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato WFP, tana samun hatsin da take kai wa 'yan gudun hijira a Borno da Yobe da Adamawa daga 'yan kwangilar Kano. Masu ciyarwar azumi, attajirai da 'yan siyasa, su ma nan suke dosa.

Matsalar tana ga lokacin sayen. Manomin Kwa ko Tumfafi kan sayar da amfaninsa da kaka, a kan araha, domin biyan bashin taki ko hidimar aure. Dillalai su tattara, manyan 'yan kasuwa su adana. Idan babban mai saye ya shigo da odar tireloli a bazara ko farkon damina, lokacin da rumbun gida ya ƙare, to da wannan manomin yake takara a kan buhu ɗaya, kuma ba a buƙatar tambayar wanda zai yi rinjaye.

An ga yadda lamarin ke rikicewa a Fabrairun 2024, lokacin da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta garƙame wasu manyan sito a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A wasunsu an shaida wa jami'an cewa kayan na WFP ne, shugabannin kasuwar kuma suka musanta zargin ɓoyon. Samamen ya burge jama'ar da tsada ta gallaba, amma ya tona wani giɓi: babu wani buɗaɗɗen kundi da zai nuna wane sito ne na agaji, wanne ne na mai jiran farashi ya tashi. A watan ne Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin fitar da tan 42,000 daga rumbunan ajiyarta, hatsin da shi ma asalinsa sayowa aka yi.

Hanya ɗaya ce ke kai hatsi ga mabuƙaci ba tare da ya ratsa hannun dillali ba, wato zakkar amfanin gona: kashi ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga noman rani mai wahalar ban ruwa. Da kaka ake fitar da ita, daidai lokacin da ya kamata kowane mai agaji ya tara nasa. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, sai dai manomi ya saba miƙa tasa ga dangi da maƙwabta da malamai tun a masussuka. Nisabin kuma wusƙi biyar ne, kimanin kilo 650, adadin da ba kowace gona ke kai wa ba a yankin da rabon gado ya mayar da gonaki 'yan ƙanana kamar Dawakin Tofa.