Kafin Mu Kai Kwamfuta Shagon Kawu, Mu Duba Kalandar Kasuwa

Hutu ya gabato, kuma da yawa daga cikinmu za mu koma gida mu tarar ana ci gaba da rubuta ciniki a littafi mai bangon kwali, a shagon Baba, ko na Kawu, ko ɗakin ɗinkin Yaya. Duk wanda ya ɗan zauna a ajin kwamfuta, da ya ga wannan littafi sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi, ya ce ai duk wannan za a iya zuba shi a na'ura. Gaskiya ne, za a iya. Amma yau muna so mu tattauna kan lokacin da ya dace a yi, da abin da ya kamata a fara da shi, domin mu ma mun taɓa yin garaje har muka kusa taɓa jarin mutum.

Bara mu uku 'yan aji ɗaya muka ɗauki nauyin zamanantar da shagon atamfa da shadda na kawun ɗayanmu a Kano. Kawu ya amince, ya ba da kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu. Muka fara aiki ana saura kwana goma sha biyu Ƙaramar Sallah, don kawai a lokacin ne muka samu hutu. Shago cike maƙil, yaran shago ba su da lokacin shan iska, balle na koyon danna maɓalli. Kowannenmu ya riƙa shigar da kaya da sunan da ya zo masa, har kaya iri ɗaya ya fito da suna uku: "farar shadda", "shadda fara", da "shadda mai fari". Mafi muni, tun ranar farko muka ce a ajiye tsohon littafi. Rana ta huɗu aka ɗauke wuta tun safe, batir ya mutu kafin la'asar, aka koma rubuta ciniki a bayan kwalin kaya.

Bayan Sallah wani ɗan sari da ke ɗaukar kaya bashi ya zo biya. Abin da ya ce ana bin sa daban, abin da kwamfuta ta nuna daban. Abin da ya cece mu shi ne babban yaron shagon bai saurari maganarmu ba, ashe a ɓoye yana ci gaba da rubutu a tsohon littafi. Kawu bai yi faɗa ba. Ya dube mu kawai ya ce, "Yarana, ku mayar mini da littafina tukuna." Ranar muka fahimci abin da Bahaushe yake nufi da ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wannan labari ya sa a ɗauka cewa gara a bar shago yadda yake. Duk mun tuna farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, yadda tsabar kuɗi ta yi wuya, mai shagon da ba ya karɓar tiransifa ko ba shi da na'urar POS ya zauna yana kallon masu saye suna wucewa. Haka kuma a watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wanda bashin da yake bin mutane yake rubuce a littafi ɗaya tilo cikin shago, in wuta ta tashi, kaya da shaidar bashi tare suke tafiya. Don haka canjin ya zama dole. Abin da muka rasa a karon farko shi ne tsari.

Da muka koma karo na biyu, abu na farko da muka yi shi ne buɗe kalanda tare da Kawu. Kowace sana'a tana da lokacin cikowarta. Mai atamfa da tela, daga tsakiyar azumi zuwa Sallah, sannan gab da Babbar Sallah da lokutan bukukuwan aure. Mai littattafai da kayan makaranta, lokacin komawa makaranta a watan Satumba. Mai hatsi, lokacin kaka. Waɗannan makonni a ja musu jan layi, kada a taɓa komai a cikinsu. A kuma tuna cewa watannin Musulunci suna matsowa baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara idan aka kwatanta da kalandar Bature, saboda haka jadawalin bara ba zai yi aiki bana ba sai an sake dubawa. Mu mun zaɓi bayan Babbar Sallah, lokacin da kasuwar Kawu take lafawa.

Abu na biyu, mun jera ayyukan mun tambayi kanmu wanne ne yake jiran wanne. Ba za a iya shigar da kaya ba sai an ƙidaya su. Ba za a ƙidaya su da kyau ba sai an yarda da suna ɗaya ga kowane kaya. Ba za a dogara da na'ura ba sai an magance matsalar wuta. A aji an koya mana jadawalin Gantt, wanda ya samo sunansa daga injiniyan Amurka Henry Gantt tun farkon ƙarni na ashirin: ayyuka a jere daga sama zuwa ƙasa, makonni a kwance, a ja layi a nuna farkon kowane aiki da ƙarshensa. Ba ya buƙatar wata manhaja. Mu a kan kwali muka zana namu da maka, muka liƙa a bango inda kowa a shagon zai gani.

Ga yadda muka raba mako goma sha biyu. Mako na 1 da na 2, zama muka yi muna kallo: yadda ake ciniki, wanda yake karɓar kuɗi, yadda ake rubuta bashi, da abin da ya fi ɓata wa Kawu rai. A nan muka gano cewa damuwarsa biyu ce kacal, wato sanin wanda yake bi bashi da sanin kayan da ya kusa ƙarewa. Sai muka yi watsi da burinmu na buɗe masa shafin sayarwa a intanet. Mako na 3, aka tsayar da sunayen kaya da ma'auninsu, ko yadi ne, ko turmi, ko dila. Mako na 4, ƙidayar kaya, ranar da aka rufe shago da wuri. Mako na 5, maganar wuta: ƙaramar sola da batir da za su riƙe kwamfuta da cajin waya da na'urar POS har a tashi kasuwa. Mako na 6 da na 7, shigar da basussuka, kuma kowane adadi sai an karanta wa Kawu ya ce haka ne kafin a wuce. Mako na 8 zuwa na 11, littafi da kwamfuta suka yi aiki tare, kowace yamma a kwatanta jimillar biyun, in an samu bambanci a nemo shi a ranar. Mako na 12 muka bar shi babu komai, domin rashin lafiya, rasuwa, biki ko lalacewar na'ura ba sa ba da sanarwa. Kuma mun ci wannan makon har da ƙarin kwana uku.

Za ku lura cewa sayayya ba ta zo ba sai a mako na 5. Da mun san haka tun farko, da ba mu yi gaggawar sayen kwamfuta ba. Shago da yawa wayar Android da ke hannun mai shi ta ishe shi, da tebur mai sauƙi a Google Sheets ko Excel. In kuwa dole sai an sayi kwamfuta ta hannu, a tuna cewa kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. A tambayi mai sayarwa, a gwada a gabansa kafin a biya. A kasafin kuɗi kuma kada a tsaya kan kuɗin na'ura kaɗai. A sa kuɗin data na wata-wata, da takardar rasit, da canjin batir idan ya gaji, da ɗan abin gyara.

Sai batun ajiyar bayanai. Ƙa'idar da masana suka saba faɗa ita ce kwafi uku, a wurin ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki nesa da shago. A aikace: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filas da Kawu yake tafiya da shi gida, ɗaya a intanet. A sa rana guda a mako don yin wannan, a kuma riƙa buɗe kwafin lokaci-lokaci a tabbatar yana aiki. Asusun imel da kalmar sirri su kasance da sunan mai shago da lambar wayarsa. Mu baƙi ne a shagon, da an buɗe makaranta za mu tafi, bai kamata mabuɗin dukiyar mutum ya bi mu ɗakin kwanan ɗalibai ba. Sunayen kwastomomi da lambobinsu da bashin da ake bin su amana ce, kuma tun watan Yuni na 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan mutane. Kada a tura su a zauren WhatsApp, kada a bar kwamfuta a buɗe kowa ya leƙa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi wuya a gare mu matasa, shi ne ladabi. Yaron shagon da ya shekara goma sha biyar yana auna yadi ya fi mu sanin kasuwar nesa ba kusa ba, kuma yana iya jin tsoron cewa na'ura ta zo ne don ta kama shi ko ta kore shi. A karo na biyu shi muka fara koya wa, shi kuma ya koya wa sauran da irin bakin da suke ganewa. Makon ƙarshe ba mu taɓa kwamfutar ba sam, zama muka yi a benci muna kallo, sai an kira mu. Ranar da wani ɗan sari ya zo, Kawu ya ce, "Duba mini nawa ake bin Alhaji," aka duba cikin daƙiƙa kaɗan adadi ya yi daidai da na littafi, ranar muka san aiki ya kammalu. Har yau tsohon littafin yana nan cikin durowa, kuma ba mu ce a jefar ba.

Saboda haka duk wanda yake da niyyar irin wannan aiki a hutun nan, ya fara ƙirga makonnin da yake da su. In mako huɗu ne, ya tsaya kan sunayen kaya da ƙidaya da shigar da basussuka, ya bar littafi yana aiki, sauran ya jira hutu na gaba. Sannu ba ta hana zuwa.