Ƙibar da ba ta lafiya ba ce: ka zo da kwalin maganinka

Mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin mutum ya yi ƙiba cikin wata biyu ko uku, fuskarsa ta zama zagaye kamar faifai, tumbi ya fito, nama ya taru a bayan wuyansa kamar tozon sa. Mutane suna cewa, "Kai, wane ya samu duniya!" Amma ka dubi hannuwansa da ƙafafunsa. Sun rame. In ya tsuguna ba ya iya tashi sai ya dafa bango. Wannan ƙiba ciwo ce. Likitoci suna kiranta ciwon Kushin, da sunan Harvey Cushing, wani likitan fiɗa na Amurka wanda ya bayyana ta a 1912.

Abin da muke roƙonka cikin wannan ɗan littafi ƙarami ne: duk wanda ya ga alamun nan a jikinsa ya zo asibiti da kwalin kowane magani da yake sha, da kowane mai da yake shafawa. Bari mu gaya maka dalili.

A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula, sunanta adirinal. Ita ke yin wani sinadari da ake kira kotizol. Ba a rayuwa sai da shi. Shi ke riƙe ƙarfin bugun jini, shi ke tsai da sukarin jini lokacin yunwa, shi ke taimakon jiki in zazzaɓi ko rauni ya zo. Amma kamar gishiri yake a miya, in ya yi yawa ya ɓata tukunya. Sai hawan jini da ciwon sukari su shigo. Fata ta yi laushi, ɗan bugu kaɗan ta yi tabo, miki ya ƙi warkewa. Nankarwa mai faɗi, mai duhu, ta fito a ciki da cinya da hammata. Mace ta daina ganin al'ada, gashi ya fito mata a haɓa. Ƙashi ya yi rauni har ƙashin baya ya karye ba tare da faɗuwa ba. Wani ba ya barci, ya yi ta fushi, wani ma hankalinsa ya rikice har dangi su ce iskoki ne ko sammu. Garkuwar jiki kuma ta faɗi, tarin fuka da ya daɗe kwance ya tashi.

Adirinal ba ta aiki da ra'ayin kanta. Umurni take jira daga wata tsoka mai girman ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fitutari, wadda ke aiko da saƙo ta cikin jini. Sunan saƙon ACTH. In ƙari ya fito a fitutari, saƙo ya yi yawa. Cikin mutum 10 da jikinsu ke yin kotizol fiye da kima, kamar 7 daga nan matsalarsu take. Waɗansu kuma ƙarin a adirinal ɗin kanta yake.

Akwai na uku, mai ban mamaki. Wani lokaci ƙari yakan fito a wani wuri dabam, ya riƙa aika saƙon ƙarya, kamar ɗan aiken da sarki bai aika ba. Adirinal ba ta san bambanci ba, sai ta yi ta zuba kotizol dare da rana. Yawanci irin wannan ƙari a huhu yake. Kaɗan daga ciki a taimus suke, wata tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, a gaban zuciya. Tana da girma ga yara, tana koya wa jiki yaƙi da cuta, in an balaga sai ta motse. Mai irin wannan ƙari ciwonsa yakan zo da sauri da ƙarfi: fata ta ƙara baƙi, ƙafa ta kumbura, gishirin fotashiyam na jini ya faɗi ƙwarai, jiki ya mutu. Wani ma bai samu lokacin yin ƙiba ba, ramewa yake yi.

Gano shi aiki ne mai hawa-hawa. Da fari a tabbatar kotizol ya yi yawa: a tara fitsarin awa 24, ko a auna yawun tsakar dare, ko a ba ka ƙwayar dekzametazon miligiram 1 da ƙarfe 11 na dare a ɗebi jini da ƙarfe 8 na safe. Ga mai lafiya kotizol zai sauka, ga mai ciwon ba zai sauka ba. Sa'an nan a auna ACTH, a ɗauki hoton kai da na ƙirji da manyan na'urori. Wannan ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti. Sai mun tura ka babban wuri, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Yamai ga mutanen Nijar. In an ga ƙari a taimus, maganinsa fiɗa: a buɗe ƙirji a cire shi duka. Kafin ranar aikin akan ba da magani irin su ketokonazol don a sauko da kotizol, a gyara fotashiyam da sukari da hawan jini. Ƙarin taimus yana da halin dawowa ko yaɗuwa, don haka wanda aka yi wa aiki zai riƙa zuwa awo shekara da shekaru.

To, amma ka ji gaskiya. Duk waɗannan ƙararrakin in an haɗa su ba su kama fiye da mutum 2 ko 3 cikin miliyan a shekara, na taimus kuwa ɗan yanki ne na wannan. Likita yana iya tsufa bai ga ko ɗaya ba. Amma fuska zagaye da tozo da nankarwa muna ganinsu kullum. Daga ina? Daga kemis, daga tiren mai talla a kasuwa.

Dekzametazon da firedinisolon 'yan'uwan kotizol ne da aka yi a masana'anta. Dekzametazon ya fi kotizol ƙarfi wajen sau 25. Magani ne mai kyau a hannun wanda ya san shi. A 2020 likitocin Ingila sun nuna yana ceton ran masu korona da numfashinsu ya yi tsanani. Amma a Kano da Maradi da ƙauyukanmu ana sayar da shi kamar gyaɗa. 'Yan mata suna shan "sha ka fashe" kafin biki don su cika. Dattijo mai ciwon gwiwa yana karɓar haɗin ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, ya ji daɗi, ya koma gobe. Man bilicin da yawa akwai kulobetazol ko betametazon a ciki, kuma fata tana shanye su su shiga jini.

'Yar'uwa, ba mu raina damuwarki ba. Mun san yadda ake yi wa siririyar amarya gori, ana cewa miji ba ya ciyar da ita. Amma abin da ƙwayar ke ba ki ruwa ne da kitse a fuska da ciki, naman cinya kuwa cinye shi take. Cikar wata uku ba ta kai ciwon sukari na har abada ba.

Ga inda kwalin yake da amfani. Da yawa in mun tambaya, "Kina shan wani abu?" sai su ce a'a, don kunya, ko don ba su ɗauki man shafawa magani ba. Daga nan awo ya rikice, likita ya shiga neman ƙarin da babu shi. Iyali su sayar da akuya da buhun gero don mota da hoto, alhali amsar tana cikin jaka. Da ka ajiye kwalin a kan tebur, an gama rabin aiki cikin minti 5. In kuwa da gaske ba ka shan komai, wannan ma labari ne babba: shi zai sa mu tura ka da wuri, kafin ƙari ya yaɗu.

Kada kuma ka karanta wannan ka zubar da ƙwayoyinka yau. Wanda ya sha su fiye da mako 3, adirinal ɗinsa ta yi barci, don ta ga ana yi mata aikinta. In ka daina farat ɗaya, jiki ya rasa kotizol gaba ɗaya: amai, jiri, bugun jini ya faɗi, suma, har mutuwa. Sai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan bisa tsarin likita, wani lokaci wata da watanni. Masu zuwa ci-rani ta Agadas da Arlit har Tamanrasat ta Aljeriya su lura da wannan ƙwarai, gama ƙwaya tana iya ƙarewa a tsakiyar hamada inda babu kantin magani. Ka zo mu auna jininka da sukarinka kafin ka tashi, mu rubuta maka a takarda yawan da za ka sha kowace rana, ka sa takardar tare da katinka.