Duwatsun Adar da Damargu ba hajar kasuwa ba ne

Makiyayan Adar da manoman Damargu sun daɗe suna tsintar waɗansu duwatsu masu ban mamaki a kan faƙo da gefen tsauni. Wani kamar makankari, wani a naɗe kamar ƙahon rago, wani kuma ɗan dunƙule mai zanen tauraro a bayansa. Yara su yi wasa da su, manya su ture su da ƙafa su wuce. Akwai kuma malaman lakkol da ƴan makaranta masu tara su don sha'awa, akwai masu neman su don kuɗi. Saboda haka ya kamata jama'a da mahukunta su san abin da ke hannunsu, kada a yi irin ta kazar da rashin sani ya sa ta kwana kan dami da yunwa.

Masana ilimin ƙasa sun tabbatar da cewa teku ta taɓa rufe wani babban yanki na ƙasar Nijar. Ta shigo wajen shekara miliyon 95 da suka wuce, ta janye, ta sake dawowa tsakanin shekara miliyon 70 da miliyon 55. Dabbobin ruwa da suka mutu sun nutse cikin laka, laka ta daskare ta zama dutse, siffarsu ta tsaya a ciki. Mai kama da ƙahon rago, wanda ake samu wajen Tanut, ƙwaryar wata dabbar teku ce da ake kira amonit, wadda irinta ya ƙare tun shekara miliyon 66. Mai zanen tauraro kuwa bushiyar teku ce, ana gane ta da layi biyar da suka tashi daga tsakiya. A tsaunin Igdaman, kusa da Kawo cikin jahar Tawa, an samu haƙoran manyan kifaye da ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa. Farin dutsen da ake ƙonawa a Malbaza don yin siminti shi ma ajiyar wannan teku ne. Wato gidan da aka gina da shi a Yamai ko a Maraɗi, da ragowar halittun teku aka gina shi.

Itatuwa ma sun bar shaidarsu. A gindin tsaunin Tigidit ana ganin guntayen kututture da suka zama dutse: ga jijiya da ɓawo irin na icce, amma in an ɗaga sai a ji nauyin dutse. Gawayin ƙasa na Anu Araren, wanda ke ba ma'adinan arewa wutar lantarki, tsire-tsire ne da suka rufu fiye da shekara miliyon 300.

Abin lura shi ne mutanen daji sun riga masana sanin wuraren nan. Buzayen In Gal suna da labarin wata halitta mai suna Jobar da suke danganta manyan ƙasusuwan yankinsu da ita, kuma daga nan ne aka sa wa dabbar suna Jobaria a 1999. A Gadufawa, cikin Tenere, Bafaranshe Filip Take ya fara aiki a 1965. Ya fito da kada mai tsawon metir 9 ko fiye, da dabbar da aka raɗa wa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976, wadda ƙasusuwanta aka maido gidan kayan tarihi na Yamai.

Don haka ba wanda ke ƙin mai tsinta. Idonsa ne farkon bincike. Ɓarna tana zuwa daga baya, sa'ad da aka sa diga aka farfasa dutse, aka zaɓi mai kyawun gani, aka zuba cikin buhu. Masani ba ya gane shekarun abu daga kallonsa kawai. Sai ya san daga wane sashen dutse ya fito, me ke samansa, me ke ƙarƙashinsa, da me aka same shi kwance. Haƙorin da aka raba da wurinsa kamar wasiƙa ce da aka yage sunan mai aikowa da ranar rubutawa. Mai saye ya ba da ƴan dalolin da ba su kai kuɗin tiyar hatsi ba, ƙasa kuma ta yi asarar abin da ba ya sake tsirowa.

Doka ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta sa dukiyar tarihi ƙarƙashin kariyar gwamnati, ta hana tono da fitarwa waje ba da izini ba. Amma kowa ya ji labarin dutsen duniyar Mars mai nauyin kusan kilo 25, wanda aka tsinta cikin jahar Agadas a 2023, aka yi gwanjonsa a Amurka cikin Yulin 2025 kan dalar Amurka fiye da miliyon 5. Ba ragowar halitta ba ne, gaskiya, amma hanyar da ya bi ya fita ita ce buhun ƙasusuwa zai bi.

Nauyi mafi girma yana wuyan ma'aikata. Talakan da ya kawo dutse wurin maigari ko magajin gari, in aka yi masa dariya ko aka tsare shi da tambayoyi kamar ɓarawo, ba zai sake kawowa ba, gobe dillali zai nema. Wajibi ne kowace ma'aikatar magajin gari a jahohin Tawa, Damagaram da Agadas ta ajiye rajista guda, a rubuta sunan mai tsinta, da ranar, da wurin, a ba shi takardar shaida, sannan a sanar da gidan kayan tarihi na Bubu Hama ko Jami'ar Abdu Mumuni.

Nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci ke da aiki. Abin da ke kwance a sarari, kamar makankari ko haƙori, a ɗauke shi a naɗe tare da ƴar takarda: sunan gari, nisan wurin daga rijiya ko hanya, da launin dutsen. In kuwa ƙasusuwa ne a jere cikin ƙasa, kada a taɓa. A ɗauki hoto in akwai salula, a jera duwatsu nesa kaɗan don alama, a kai labari ga maigari.