Manyan Kalmomin Turanci da Ke Cikin Takardar Bashi

 Wata al'ada ta shigo wa samarinmu, watau haddar manyan kalmomin Turanci da ake turo musu jeri-jeri a waya, kowace da ma'anarta, domin in an taru a majalisa mutum ya jefa wadda ba wanda ya taɓa ji, a ce lalle wane ya sha boko. Malamai sun san wannan ciwo, gama akwai irinsa a karatun Larabci. Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122, ya cika Muƙamarsa 50 da baƙin kalmomi, amma ba a taɓa jin malamin kirki ya ɗora yaro a kanta tun bai san hukuncin alwala ba. Kowane ilimi da abin da ake gabatarwa a cikinsa. Abin da ya kamata mu gabatar a Turanci kuwa shi ne kalmomin da ke cikin takardun da muke dangwala wa yatsa, domin su ne ke iya raba mutum da shanunsa.

A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin Babban Banki da ake kira Anchor Borrowers a Jihar Kebbi, daga nan ya bazu, manoman shinkafa da masara da auduga na ƙasar Katsina suka shiga. A lokacin an riƙa ba manomi iri da taki da maganin feshi, in ya girbe ya biya da amfanin gona ko da kuɗi. Sunan abin a takarda loan, watau rance. Akwai wata kalma dabam, grant, ita ce kyauta wadda ba a biya. Akwai ta uku, subsidy, watau gwamnati ta ɗauke wani kashi na farashin kaya, mai saye ya cika sauran. To, duka ukun nan da suka iso bakin jama'a sai aka zuba su cikin ƙwarya ɗaya, aka kira su tallafi. Kalmar tallafi tana da daɗin ji, amma ba ta faɗa maka ko za a zo neman abin bayan kaka. Da yawa sun karɓa a kan rabon gwamnati ne, wasu ma sun sayar da takin a kasuwa tun damina ba ta sauka ba, sai daga baya aka zo ana bin bashi. Ba na wanke wanda ya sani ya take, amma akwai mutanen kirki da fassara ce ta kayar da su.

Mas'alar da ta fi wannan nauyi ita ce ta lamuni. A shirin nan an riƙa haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa. Mai tsayawa shi ne guarantor. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa a mazhabarmu ba a kama mai lamuni sai wanda ake bi ya tsiyace ko ya ɓace. Da wannan fahimta dattijo yake yarda ya tsaya wa maƙwabcinsa, yana cewa a ransa ai ga shi nan, ga gonarsa, ba inda za shi. Amma takardun banki sukan zo da wani lafazi mai kalma uku, jointly and severally. Ma'anarsa ana bin ku a tare, ana kuma bin kowane ɗayanku shi kaɗai da dukan bashin. In mutum 10 suka sa hannu a kan naira miliyan 1, mai bin bashi yana da iko ya tsallake 9 ya nufi wanda ya ga rumbunsa a cike, ya ce ya biya duka, sa'an nan shi ya je ya nemi 'yan'uwansa. Dubi nisan da ke tsakanin wannan da abin da muka karanta a zaure! Duk tafintan da ya ce wa mutum wannan lamuni ne kawai, ya yi shiru, ya faɗi rabin magana.

Haka kuma collateral. An saba fassara ta da jingina, kuma ba laifi, sai dai jinginar da muka sani ba ta cika sai mai bin bashi ya karɓi abin ya riƙe. Ta zamani kuwa abin yana iya zama a hannunka. Tun 2016 Babban Banki ya buɗe rajistar kayan jingina, inda ake rubuta sa ko injin niƙa ko babur da sunan wanda ya ba da rance. San yana ɗaure a turkenka, kai kake ba shi dusa, amma akwai mai haƙƙi a kansa, in ka kora shi kasuwar Sheme ka sayar ba da izini ba ka jawo wa kanka shari'a. Jinginar gida ko fili ita ake kira mortgage. Suna rubuta harafi a tsakiyarta ba su furta shi, suna cewa mogej, kamar alifin da muke sa wa bayan wawun jam'i. Asalinta tsohon Faransanci ne, ma'anarta matacciyar jingina, kuma wanda ya raɗa sunan ya san abin da yake faɗi.

Wani abin da 'yan kasuwar hatsi na Ɗandume da Funtuwa ya kamata su sani: daga 1 ga Agusta 2020 akwai wani izini da mai karɓar rance yake sa wa hannu, sunansa Global Standing Instruction. Da shi, in lokacin biya ya wuce, banki zai bi lambar BVN ya ɗebi kuɗinsa daga kowane asusu naka a kowane banki. Mai kasa biya a kan lokaci shi ne ya yi default, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Wanda kuwa yake ajiye kuɗin mutane a asusunsa, na sayen masara ko waken soya, sai ya yi tunani tun kafin ya sa hannu, gama na'ura ba ta san amana ba.

Ga wasu kalmomi biyu da suka shafi ƙasarmu musamman, inda gonaki da yawa suka kwana ba noma saboda 'yan bindiga. A Maris na 2020, lokacin annobar korona, Babban Banki ya ba da moratorium na shekara 1 a kan irin waɗannan rance, ya kuma rage ruwansu daga kashi 9 cikin 100 zuwa kashi 5. Moratorium jinkiri ne, bashi yana nan yana jiranka. Yafewa ita ce waiver. In wakilai suka tafi Katsina ko Abuja neman sauƙi ga manoman da aka kora daga gonakinsu, sai a tambaye su wacce daga cikin biyun suka roƙo, wacce kuma aka rubuta.

Kuɗin ruwa shi ne interest, hukuncinsa kuwa na bar wa malamai, sun fi ni sani. Abin da zan ce kawai, ba a yanke hukunci a kan abu sai an san surarsa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba da ruwa ba, yana saye ya sayar maka da riba sananniya, watau murabaha, kuma takardunsa ma da Turanci suke. Malamin da aka kawo wa takarda iri biyu, in bai iya rabe lafazinsu ba, da me zai yi fatawa? Ɗan kasuwa kuma ya lura da kalmar da ke bin lamba. Per annum a shekara ke nan, per month a wata. Naira 100,000 a kan kashi 9 per annum, ƙarinta 9,000 ne. In per month aka rubuta, kafin shekara ta zagayo ƙarin ya kai 108,000, ya fi uwar kuɗin. Masu ba da rance ta waya sun fi son lissafin wata.

Kada kuma a raina ƙananan kalmomi. A takardar alkawari shall wajibi ne, may ganin dama. A 1889 Sarki Menelik na Habasha ya ƙulla yarjejeniya da Italiya a Wucale. A sashe na 17, rubutun harshen Amhara ya ce yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da sauran ƙasashe, rubutun Italiyanci ya mai da abin dole, watau Habasha ta shiga ƙarƙashinsu ke nan. Ba a warware wannan saɓani ba sai a fagen yaƙi, a Adwa, cikin 1896.

Na san akwai mai cewa me ya haɗa malami da harshen Nasara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu, kada a dogara ga tafintan da ba a amince da shi ba. Turancin ma ya ci bashin Larabci: tariff, kuɗin fito, daga ta'arif ta fito, cotton kuma, audugar da ake kai wa Funtuwa, daga ƙuɗun. Kayan aiki akwai su. Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa a 1965, Roxana Ma Newman ta fitar da nata a 1990. Amma ƙamus kalma yake ajiyewa gaban kalma, ba zai gaya maka inda lamunin banki ya saɓa wa na Risala ba. Wannan sai an haɗa kai biyu, ɗan boko mai karanta takarda da malami mai sanin babin ciniki.

Shawarata, duk zauren da ake karatun babin ciniki da jingina a Damari, a riƙa kawo takardar banki ta gaske, a karanta ta layi-layi, a rubuta kowace kalma da ajami a littafi guda tare da hukuncin da ke ƙarƙashinta, a bar littafin inda 'yan kasuwa za su iya dubawa. Ƙungiyoyin manoma kuma su ƙi sa hannu sai an ba su kwafin Hausa. Suna da hujja babba: aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, da ta yi umarni a rubuta bashi, wanda ake bi ta ɗora wa shifta, ba mai bi ba. Mutum kuwa ba ya shifta da harshen da ba ya ji.