Ɗan kallon Sanam yana da bakin magana

A garin Sanam, cikin ƙasar Kurfai, babu gidan sinima mai kujeru da babban allo. Duk da haka kallo bai gagari jama'a ba. An yi zamanin kaset da rumfar kallo mai injin wuta, yanzu kuma salula ta sa fim cikin aljihun kowa. Ɗan kallon nan manomi ne, ko makiyayi, ko ɗan ci-rani da ya komo gida bayan ya ga birane. Bai yi lakwal ta sinima ba. Amma ya biya kuɗinsa, ya ba da darensa, kuma idan ya tashi ya ce fim ɗin bai ƙosar da shi ba, ya kamata a tsaya a ji dalilinsa.

Kukansa game da finafinan karate mai sauƙin ganewa ne, domin cuta ce ta ciniki. Bruce Lee ya rasu a 1973. A 1978 aka fitar da Game of Death da sunansa, alhali shi kansa bai wuce minti goma sha ɗaya a ciki ba. Sauran wasu mutane ne aka sa wa tabarau, ana ɗauko su ta baya. Har hoton jana'izarsa ta gaskiya aka cusa cikin labarin. Bayan haka sai ga su Bruce Li da Bruce Le sun cika kasuwa. Wanda ya saba sayen sa a kara ya san sunan wannan aiki: an nuna masa dabba guda, an ɗaure masa wata.

Na Indiya kuwa, tsohuwar ƙauna ce ta yi sanyi. Dattawa ba su manta da Mother India na 1957 ba, labarin mace manomiya wadda bashi ya cinye gonarta, mai ba da rance yana kwashe amfanin shekara tun daga masussuka. Mutumin Kurfai ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan. Finafinan da suka biyo baya da yawa sun bar gona sun koma Landan da duwatsun ƙanƙara na Suwis, ko kuma mutum guda ya doke hamsin rigarsa ba ta yage ba. Fassarar Hausa da ake yi musu a Kano ta sa an ji maganar, wannan alheri ne. Sai dai wani lokaci mai fassara yakan zuba barkwanci a wurin da ake makoki.

Da finafinan Kano suka fito, tun daga Turmin Danya a 1990, murna ta yi yawa, domin ga allo yana magana da harshen gida. Cikin waɗannan akwai masu kyau, kuma ba mai musun haka. Abin da ke ɓata wa ɗan kallo rai shi ne labari guda na soyayya da kishi ana ta juya shi, a yanka shi kashi uku domin a sayar sau uku, a tsaida magana a tsakiya a shiga rawa irin ta Indiya. Wanda ya fi ciwo shi ne matsayin baƙauye. Idan an kawo shi, wawa ne wanda mota ke firgitawa, an sa shi domin mutanen birni su yi dariya. Mai kallo a Sanam shi ne baƙauyen nan, kuma da kuɗinsa ake yi masa dariyar.

Wannan ciwo na kwaikwayon baƙi, ɗan Nijar ya riga ya gano shi da daɗewa. A 1966 Mustafa Alasan ya yi fim mai suna Le Retour d'un aventurier: saurayi ya komo daga Amurka da akwatin kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, suka hau dawakai suka dami ƙauyensu da sata da faɗa. Darasin yana nan da ƙarfinsa. Tambaya ita ce, mutum nawa ne a Sanam suka taɓa ganin fim ɗin?

Nan ne babban kukan yake, kuma shi ya shafi hukuma. Ƙasar Kurfai da maƙwabtanta sun ba sinimar duniya labari har sau biyu, amma ba a maido musu da shi cikin bakinsu ba.

Na farko shi ne Les Maîtres fous na Jean Rouch, wanda ya fito a 1955. Fim ne a kan ƴan Hauka, waɗanda a Kurfai ake kira Babule. Asalin abin daga nan ne. A 1925, a Shikal kusa da Filinge, wata mace mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan iskoki masu kwaikwayon sojan Nasara da kwamandojinsu, a lokacin da haraji da aikin tilas suka ishi talakawa. Kwamanda Croccichia ya sa aka kama su aka tsare a Yamai, har daga baya shi kansa ya zama iska cikin iskokinsu, ana kiransa Kwamanda Mugu. Rouch ya ɗauki fim ɗinsa a kusa da Akara, cikin ƴan ci-rani. Abin da ido ke gani shi ne kumfar baki da yankan kare, muryarsa kuma tana bayani da Faransanci. An ba shi lada a Benis a 1957, ko da yake ɗaliban Afirka da suka fara ganinsa a Pari sun yi fushi ƙwarai. Bakurfayen da ya dace da ganinsa zai nemi Shikal a ciki ya rasa. An ɗauki hawan iska, an bar dalilin tawayen a gida.

Na biyu shi ne Sarraounia na Med Hondo, na 1986, wanda aka ɗauko daga littafin Abdullahi Mamani na 1980. Labarin Sarauniyar Lugu ne a ƙasar Arewa, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Fim ne mai nauyi, ya ci babbar ladar FESPACO a Wagadugu a 1987, kuma ya cancanta. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, ƴar can, Ai Keita, ta fito a matsayin Sarauniya, kuma da ta buɗe baki Julanci ne ya fito. Ba'are ko Bakurfaye yana zaune gaban tarihin kakanninsa, yana jiran wanda ya iya karatun Faransanci ya karanta masa rubutun ƙasan allo.

Wasu ma'aikata za su ce ƙasa tana da bukatun da suka fi sinima, ga rijiyoyi, ga gidajen likita, ga tsaro. Gaskiya ne. Amma abin da ake nema ba gina ɗaki ba ne, ba kuma sabon fim ba. Finafinan suna nan an gama su. Umaru Ganda ne mutum na farko da ya ci babbar ladar FESPACO, a 1972, da Le Wazzou polygame, kuma da Zabarmanci ya yi shi. Ga Cabascabo nasa, labarin tsohon soja da ya komo daga yaƙin Indoshin kuɗinsa suka ƙare a hannun abokan banza, wanda kowane gidan ɗan ci-rani zai gane. Idan ƴan kasuwar Kano sun iya sa wa fim ɗin Indiya na awa uku bakin Hausa cikin ƙaramin ɗaki, ma'aikatar al'adu da gidan rediyo da talabijin na ƙasa ba za su kasa yin haka da waɗannan ba, bayan an daidaita da masu haƙƙinsu.

Cibiyoyin yaƙi da jahilci su ne wurin da ya dace a fara nunawa, da dare bayan darasi, malami ya tsaida fim ɗin inda ake gardama. A Sanam da Shikal, a fara da na Rouch, a gayyato tsofaffin da suka ji labarin Shibo daga bakin iyayensu, su faɗi abin da allon ya tsallake.