Mun San Tom da Jerry, Ba Mu San Moustapha Alassane Ba

Ranar nan a hostel na tambayi abokan ɗakina su faɗa min sunan mutum ɗaya tak da ya taɓa zana katun. Walt Disney kawai aka iya kawowa, shi ma da ƙyar. Ban yi musu dariya ba, don ni ma sai bana, ina shekarar ƙarshe, na fara jin sunan Moustapha Alassane. Kuma fa ɗan Nijar ne, nan maƙwabta.

An haife shi a 1942. Kanikanci ya fara yi kafin ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai shirya fim, a Yamai. Daga baya ya je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun na shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki ƙasar waje. Har faretin sojoji, duk kwaɗi ne. Shekara shida kacal da samun 'yancin kai, mutumin nan yana yi wa masu mulki shaguɓe da fensir! Yana da wani kuma, Kokoa, kokawar gargajiya ce sak, amma 'yan tsana na dabbobi ne a fili, yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗauka.

Ku lissafa wahalar. Fim na cin hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Ko an yi zane ɗaya a kan hoto biyu, minti biyar na neman zane 3,600. Babu kwamfuta, babu YouTube da zai koya maka. Mu kuwa wayar da ke aljihunmu ta fi kayan aikinsa, amma da an ce a yi wani abu sai mu ce ai babu kayan aiki. Ni ma na sha faɗa, wallahi.

Wani zai ce katun ai na yara ne. To yaron ne zai gane abin da kwaɗin nan ke nufi?

Ya daɗe yana zaune a Tawa, ya rasu a 2015, muna firamare ko ƙaramar sakandare, ba mu ma ji ba. Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu: a makon ɗalibai mai zuwa, cikin daren da ake haska fim, a ware masa rabin awa. Majigi dai muna da shi. Zan zo da wuri in jera kujeru.